Dutsen Taimamar Hajiya

A Guangzhou akwai wasu makonni, bayan sanyi ya janye kafin zafi ya kankama, da gidaje ke yin gumi. Bango ya jiƙe, madubi ya yi hazo, shanya ta ƙi bushewa, tayil ɗin ƙasa kuwa sai ka rantse yanzu aka watsa masa ruwa. A irin wannan lokaci ne Hajiya ta zame a ƙofar banɗaki ta karya ƙugu. Har yau idan damina ta sa bangon ɗakina ya yi danshi, ita ce take faɗo mini a rai.

Hajiya ba uwata ba ce, ba kuma dangi muka haɗa ba. A jirgi na gamu da ita zuwana na farko, ina ƙanƙame da jaka kamar za a ƙwace, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya aiko ki China ke kaɗai?" Daga ranar ta riƙe ni. Ita ta nuna mini hanyar Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna. Ita ta koya mini in shinshina fata kafin in taya, in kira mai shago lawban, wato maigida, kuma idan ya ce meyo, wato babu, kada in tashi, in zauna in sha shayinsa, don sau da yawa kayan suna bayan shago. Muka kama gida tare a can saman wani dogon bene. Tana da faɗa, ina da baki, amma mun zauna lafiya. Na san a Kano aka yi mata aure, na kuma san Hausarta tana da wani ɗanɗano da ba na Kano ba. Idan an tambaye ta takan ce, "A Kamaru aka haife ni," ta ja bakinta ta rufe.

Bayan an yi mata aiki aka sallamo mu da sharaɗin ta kwanta, kada ta taka, kada ta murɗa jiki. Kayan mutane kuwa suna jira, nata da nawa, dole in fita da safe in bi kamfanoni, ba na dawowa sai rana ta kusa faɗuwa. Abinci ba matsala ba ne, ina jera mata komai a gefen gado. Matsalar ita ce alwala.

Da asuba ni nake yi mata. Azahar da La'asar kuwa ba na nan. Na ajiye mata buta da roba, ta gwada, ruwa ya kife a katifa, katifar kuma ta ƙi bushewa a wannan danshi har ta fara wari. Sai Hajiya ta ɓullo da tata dabarar ba tare da ta gaya mini ba. Ta ce a ranta za ta riƙe alwalar asuba har La'asar. Don haka ta daina shan ruwa da rana, alhali likita ya ce ta sha da yawa. Maganin ciwon da aka ba ta yana sa barci mai nauyi, barci kuma yana karya alwala, sai ta daina shan sa. Haka take wuni idonta biyu, leɓe a bushe, ƙashi yana cin ta. Ranar da barcin ya fi ƙarfinta, sai in dawo in tarar da ita ta juya fuska bango, salla biyu sun wuce ta, tana kuka marar sauti.

Ranar da na gano ƙwayoyin maganin a ƙarƙashin matashi na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Hajiya, so kike ki mutu a hannuna a ƙasar mutane? Allah bai ɗora miki wannan ba. Ki yi taimama mana!"

Ta ce, "Da me? Duba ɗakin nan ki nuna mini ƙasa."

Na duba. Tayil, fenti, gilashi, roba. A gida kowace tsohuwa tana da ɗan dutsenta a gefen gado, ba wanda ya san ranar da aka tsinto shi. A nan kuwa muna rataye a sama, tsakaninmu da ƙasar Allah akwai gidajen mutane hawa a kan hawa. Ban taɓa jin nisan gida ba kamar wannan yammacin.

Sai na shiga neman dutse a birnin da ake cewa babu abin da ba a sayarwa a cikinsa. Na roƙo yashi a inda ake gini, na zuba mata a faranti, ya zube a zanin gado ya hana ta sakat. Na tsinto wani dutse a lambun da ke ƙasan gidanmu, ta ce a nan ne maƙwabta suke zagayawa da karnukansu, kada ma in shigo mata da shi. Na sayo wasu farare masu santsi a shagon furanni a unguwar Liwan, ta ƙwanƙwasa ɗaya da zobenta ta ce tangaran ne, gasa shi aka yi. Ta kuwa yi gaskiya, da na fasa shi cikinsa irin na kofin shayi ne. Ta ce mini, "Abin da mutum ya ƙona ya tashi daga ƙasa, 'yar nan. Ko bulo, ko tukunya, ko siminti. Ba a koya muku ba a Islamiyya?" An koya mana. Haushi dai nake ji, har na ce mata ko limamin masallacin Huaisheng bai kai ta tsanani ba. Ta ce in je in kwantar da shi a gadon nan mu gani.

Ban da jakunkuna ina sayen wandunan jins na yara a Xintang, can gabas da birni. Na daɗe ina tsintar 'yan tsakuwoyi masu ruwan toka a aljihun sababbin wanduna, in zubar ba tare da tunanin komai ba. Wata rana na je duba kayana a gidan wankin da ake koɗar da launin wandunan, sai na ga tsibin duwatsu a tsakar gidan, ya fi ni tsawo. Da su ake wankin. Ana zuba su a manyan injuna tare da wanduna, su yi ta gogar yadin har ya yi laushi ya yi kamar an daɗe ana sa shi. Na ɗauki ɗaya, sai na yi dariya ni kaɗai. Dutsen goge kaushi ne, irin wanda ke banɗakin kowace mace a unguwarmu. Na nuna wa matar da ke riƙe da wurin, wata gajeruwa mai ƙaramin gilashi, na ce ina son babba, sabo, wanda bai taɓa shiga inji ba. Ta yanka sabon buhu ta zaɓo mini wanda ya cika tafin hannu biyu, ta ƙi karɓar komai.

Na dawo gida ina jin kaina. Hajiya ta karɓa, ta ɗaga shi sama, ta sauke, ta sake ɗagawa. Ta ce in kawo roba da ruwa. Ta jefa shi ciki, dutse ya tsaya a saman ruwa yana lilo.

Ta ce, "To, ga shi nan. Mutanen nan har dutse sun iya yin na jabu. Wannan ai ɗan'uwan farin abin nan ne da ake tokare talabijin a kwali."

Na ce, "Hajiya, dutsen kaushi ne fa. Ba ki san shi ba?"

"Na san shi a banɗaki. Na taɓa tambayar wa ya yi shi? Ke kin taɓa tambaya?"

Ban taɓa ba. Shekara da shekaru ina dirzar dugadugaina da abu ban san daga ina yake ba. Washegari na koma Xintang, ba don wando ba. Na tambayi matar da ɗan Sinancina da wayata, wane kamfani ne ke yin dutsen. Ta yi dariya har ta cire gilashi. Ta jawo buhun ta nuna mini hoton da ke jikinsa, wani dutse mai tsini kamar an kife mazurari, hayaƙi yana tashi a kansa. Ta ce daga Indonesiya ake kawo shi a jirgin ruwa, a gindin irin waɗannan duwatsu ake haƙo shi. Ta ɗauki kwalbar lemo ta girgiza ta buɗe, kumfa ta yi tsiri ta zubo mata a hannu. Ta nuna kumfar, ta nuna dutsen. Na gane. A can ƙarƙashin ƙasa dutse ne narkakke cike da iska a matse. Idan ya sami hanya ya fashe sai ya yi kumfa, kumfar ta daskare tun tana sama kafin iskar ta gama fita. Ramukan da ke jikinsa gurbin iskar ne, shi ya sa ba ya nitsewa. Ta yi ta maimaita mini kalma biyu, wayata ta fassara su da wuta da dutse.

Kalmar wuta ce ta kashe mini jiki. Duk tsawon hanyar dawowa ina zaune a mota ina jin maganar Hajiya a kunnena, abin da aka ƙona ya tashi daga ƙasa. Na sake faɗuwa ke nan. Na tarar da ita a bushe kamar kullum, ruwan da na ajiye ko taɓa shi ba a yi ba. Na zauna a bakin gado na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ba na jabu ba ne, amma ba zai yi ba. Ƙonanne ne. Wai daga cikin dutse mai aman wuta yake fitowa."

Ta juyo a hankali. "Daga ina kika ce?"

Na maimaita. Ta miƙo hannu na ba ta dutsen. Ta kai shi hanci, ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe tana kallon ramukansa. Sannan ta ce, "Wa ya ƙona shi?"

Na ce, "Wuta mana."

"Wutar wa? Wa ya hura ta? Wa ya yi mata itace?" Ta ce, "Kai, 'yar Kano. Ku da ba ku san dutse ba sai Dala. Wutar mutum ce take fitar da abu daga asalinsa. Wannan yadda Allah ya yi shi haka ya zo hannunki. Da irinsa uwata ta yi taimama har ta koma ga Allah. Namu dai baƙi ne, wani ja, kuma ya fi wannan nauyi, shi ya sa ban gane ɗan'uwansa ba."

La'asar ba ta fita ba tukuna. Na tashi zan ɗebo ruwa in yi mata alwala tunda ina nan, ta ce in ɗebo, amma in bari ta fara gwada hannunta ta gani ko za ta iya ita kaɗai. Ta ɗora dutsen a cinya, ta buga tafukanta a kai, ta shafi fuska, ta sake bugawa ta shafi hannaye har gwiwa. Ba ta murɗa jiki ba, ba abin da ya zube. Ta dube ni ta ce, "Miƙo mini ruwan nan in sha, da maganin." Ta shanye kofin tas ta nemi ƙari. Ni kuwa na shiga kicin na yi kukan da na daɗe ina dannewa.

Daga ranar bakin Hajiya ya buɗe. Ashe a Buea aka haife ta, a unguwar Hausawa, a jikin babban dutsen Kamaru. Da yamma idan na dawo ina ware kaya, sai ta riƙe dutsen ta yi ta ba ni labari. Ta ce dutsensu ba guda ɗaya ba ne kamar yadda ake gani daga nesa. A inda aka yanka shi don fitar da hanya za ka ga shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, baƙin dutse mai tauri, a kansa toka, a kanta jar tsakuwa mai ramuka, sannan wani baƙin dutsen kuma. Kowace shimfiɗa amai ɗaya ce. Wani lokaci ya zubo da narkakken dutse, wani lokaci ya watso toka da tsakuwa, haka ya yi ta tara kansa har ya kai gajimare. Ta ce kamar yadda uwa take jera zannuwa a adaka, na ƙasa shi ne mafi tsufa. Kuma ba kullum ta ka yake amai ba, ya fi fashewa ta haƙarƙari, shi ya sa jikinsa duk 'yan ƙananan tuddai ne masu rami a tsakiya, inda suke hawa suna yara neman itace.

A gidansu da aman dutsen ake tuna abubuwa. Kakanta ya zo fatauci zamanin Jamusawa, ya ga lokacin da ƙasa ta yi ta girgiza har Turawan suka tattara suka gudu bakin teku, shi kuwa ya zauna don ba shi da inda za shi da dabbobinsa. Babanta yana yaro wutar ta gangara ta ɗaya gefen har ta shiga teku, aka ce ruwa ya yi ta tafasa. Wanda ta gani da idonta tana ƙarama ne, kwanuka suka yi ta kaɗawa a kan kanta, uwarta ta ɗaure kaya a zani ta ajiye a bakin ƙofa, suka yi ta jira, wutar ta nufi gonaki ta tsaya da kanta. Na ce, "Me ya hana ku tashi daga wurin?" Ta ce, "Ki tashi ki je ina? Ƙasar da in kika jefar da ɓawon rake sai ya tsiro? Tokar nan ita ce takinmu." Ta ce ko yashin bakin tekunsu baƙi ne, ba ta san akwai farin yashi ba sai da aka kai ta Arewa.

Zuwanta na ƙarshe shi ne da uwarta ta rasu. Ba a daɗe ba da dutsen ya sake amai, narkakken dutse ya ratsa gonar kwakwar manja a hankali, kamar tafiyar tsohuwa, ya zo ya hau kan kwalta ya tsaya dab da teku. Aka kai ta ta gani. Baƙar katanga ce ta fi gida tsawo, ta datse hanya, idan yayyafi ya sauka a kanta sai ta yi tururi. Ta ce ta ɗora hannu ta ji ɗumi kamar jikin mai rai. Ta ɓalli ɗan guntu za ta tafi da shi Kano, sai ta manta shi a gidan makoki. Daga nan 'yan'uwa suka watse, gidan aka sayar, ita kuma kasuwa ta ɗauke ta, daga Kwatano zuwa Dubai zuwa nan. Kullum tana cewa baɗi za ta je.

Waɗannan yammatan su ne mafi daɗin zamana a Guangzhou, ko da yake a lokacin ban sani ba. Ƙarar motoci tana tasowa daga can ƙasa, shinkafa tana kan wuta, ɗakin yana warin sabuwar fata da man zafi, tsohuwa tana kwance tana zagaya ni da wani dutse da ban taɓa gani ba. Danshi ya wuce, zafi ya shigo. Ta yi ƙiba, bakinta ya dawo, ta koma yi mini faɗa a kan zif ɗin jakunkuna. Dutsen kaushi ba shi da ƙwari, kullum yana ɗan zubar da gari, har samansa ya fara lotsawa. Tafukanta kuwa suka yi laushi, ina tsokanar ta cewa saura lalle a kai ta ɗakin miji. Takan ce in nemo mata lawban mai kamfani, ba mai shago ba.

Ƙugun bai koma daidai ba. Da ta iya zama a keke 'ya'yanta suka ce ta dawo gida haka nan, na raka ta filin jirgi. A jakar hannunta, tare da fasfo da carbi, ta sa dutsen a cikin safa. Ba ta sake zuwa China ba, Buea ma ba ta je ba. Ni na ci gaba da zuwa wasu shekaru, amma na bar wancan gidan, don na kasa zama a cikinsa ni kaɗai.

Ina Kano lokacin da ta rasu. Na je gaisuwa, da mutane suka ragu babbar 'yarta ta ja ni ɗakin Hajiya. Ta ɗaga matashi ta ɗauko safar. Ta ce, "Anti, ke kika zauna da ita a can, ko kin san labarin wannan? Dutsen kaushi ne, amma ranar da wata jikarta ta kai shi banɗaki sai da gidan nan ya kusa tashi. Mun kawo mata dutse mai kyau daga Goron Dutse ta ce a mayar. Wai wannan ɗan garinsu ne."

Na ce, "Ta yi salla da shi har ƙarshe?"

Ta ce, "Ko ɗaya ba ta wuce ta ba. La'asar ɗin ranar ma da shi ta yi."

Na zaro shi daga safar. Ya ragu sosai, bai fi rabin yadda na kawo shi ba, kuma samansa ya yi kwari biyu gefe da gefe. Na ɗora tafukana a kai. Gurbin tafukan Hajiya ne, sun fi nawa ƙanƙanta, yatsuna suka yi saura a waje.